Gonar da Malam Ya Shafa a Bango

Shekaranjiya ruwan farko na bana ya sauka, da la'asar sakaliya. Ina zaune ina tsince wake sai iska ta juyo daga gabas, kaji suka shige ƙarƙashin rumbu, jikokina suka fito tsakar gida suna tsalle. Ni kuwa na lallaɓa na tashi na nufi zaure, don na san abin da zan tarar. Kowace shekara, da sanyin ruwan farko ya shiga zauren nan, bangon gabas yakan tashi da wani ƙamshi da babu irinsa a garin nan yanzu, ƙamshin fadamarmu ta da. Na tsaya na shaƙa har ƙirjina ya cika. Nan take wata damuna ta dawo mini, wadda ruwa ya yi kyau amma ba mu saka ko ƙwaya ɗaya a ƙasa ba.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ko yanzu ba zan kama sunansa ba. Mai Fenti kowa ke ce masa daga Mafara har Bakura, ni kuwa Malam nake ce masa. Ranar Talata yakan tafi tashar Mafara ya zana wa manyan motoci zaki da dawisu, ya dawo hannu duk fenti. Sauran kwanaki manomi ne kamar kowa. Shi da wansa, Yaya Mamman, gona ɗaya suka gada a fadama, ba su raba ta ba. Da damuna shinkafa, in ruwan gulbi ya janye a sa dankali da albasa. Gonar nan ita ke ciyar da gida biyu. Zaki da dawisu kuɗin goro kawai suke kawowa.

Sai gwamnati ta toshe gulbi da madatsar ruwa a can wajen Maradun. Aka aiko mana cewa za a karɓi gonaki a baje su, a ja hanyoyin ruwa, sannan a mayar wa kowa tasa, mu riƙa noma sau biyu a shekara. Maza suka yi ta zama ƙarƙashin darbejiya suna tattauna abin. Wasu garuruwan sun ga abin da ya fi namu ɗaci a shekarun nan, kuma ba ni ce zan ba da labarinsu ba. Namu kaɗai na sani.

Mako biyu kafin motocin katafila su iso, Malam ya tattara gwangwanayen madara duk na gidan, har da wanda nake auna gishiri da shi, ya zuba a buhu ya fita. Da magariba ya dawo da su cike da ƙasa. Washegari ma haka. Na ce, "Malam, mutane na kwashe rogonsu da itacensu, kai ƙasa kake kwasowa?"

Ya ce, "Rogo shina sake fitowa, Ladi. Wagga ƙasa in anka cuɗanya ta, ba a sake ganin ta."

Wannan hali a wurin mahaifiyarsa ya ɗauko shi. Ita ce mai yi wa ɗakunan amare ado a garin nan, ta san inda ake samun jar ƙasa, inda ake samun fara, inda ake samun baƙa mai maiƙo. Shi ma in yana tafiya kansa a ƙasa yake, har an sha zarginsa da rashin gaisuwa. Gona gona ya bi, kowacce ya ɗebi ta sama, ya tona ya ɗebi ta ƙasa, ya yi wa gwangwanin alama da ƙusa. Ɗakina ya koma kamar kantin madara.

Katafilu suka zo da bazara. Ina cikin gida, ban gan su da idona ba, amma na ji su a tafin ƙafata, ruwan randa ma har rawa yake yi. Yini ɗaya suka kayar da tsamiyar da ke kan iyakarmu da Tukur mahauci, wadda kakanni suka sha inuwarta. Suri, gamba, kuka, duk abin da mutum zai nuna ya ce daga nan tawa ta fara, suka share. Yaya Mamman ya dawo ya ce fadama ta koma kamar faifai. Bai ci tuwo ba ranar nan.

Sai kuma damuna ta faɗi, irin wadda manomi ke roƙo. Ruwa da asuba, rana ta fito da hantsi, bayan kwana uku wani ya sake sauka. Kwaɗi suna ta kuka, ƙasa ta yi laushi, ga iri a tukunya, babu inda za a sa shi. Maza sukan tashi da sassafe su ɗauki fartanya bisa sabo, su kai bakin zaure su tuna, su jingine ta. Na ga Yaya Mamman yana nome ciyawar bayan katanga har sau uku a mako ɗaya, wurin da ko tabarma biyu bai kai ba. Abin ya ba ni dariya, ya kuma ba ni tausayi.

Rumbu ya fara nuna gindi tun kafin watan marka. Muka koma tafasa da rama da zogale, a dafa a matse a kwaɗanta da ɗan ƙuli. Fura ta zama ta yara kawai, ita ma tsululu. Da dare fate, wanda ganye ya fi tsaki yawa a ciki. Garin rogo da muke rainawa muna ce masa abincin lebura, muka dawo muna lallashinsa da ruwa don ya kumbura. Yunwar damuna daban take: ko'ina kore, iska na daɗi, ciki kuwa yana ƙugi. Ranar Talata in Malam ya samu direban tifa mai son zaki a motarsa, mukan ga mudun dawa da burodi irin na ma'aikata. In bai samu ba, sai tafasa ta sake gaishe mu.

A cikin wannan hali ne ya ce in daka masa ƙasa. Na dube shi sama da ƙasa, na ga da gaske yake. Na wanke turmi, na juye gwangwani ɗaya, na hau daka. Ban yi nisa ba sai ga Hajo, matar Tukur mahauci, ƙawata tun ina amarya, ta leƙo ta kan katanga, bayanta mata biyu. Wata guda ke nan ba a ji tabarya ta yi ƙara sosai a unguwar ba.

Hajo ta ce, "Barka da aiki, Ladi. Ashe gero na nan gidanga kunka ɓoye muna?"

Na ce, "Shigo ki kama mani, in an gama a raba."

Ta zagayo da sauri har zane na kwancewa, ta karɓi tabarya, ta leƙa turmi. Ta yi tsaye. Ta ce, "La'ilaha illallahu! Ladi, abin har ya kai ku ga cin ƙasa?" Muka yi dariya har na zauna dirshan a tsakar gida, hawaye na zuba. Rabon da in yi dariya irin wannan tun kafin zuwan katafila.

Daga ranar nan gidanmu ya zama wurin hira. Hannu ya saba da aiki, babu hatsin dakawa, sai mata suka riƙa zuwa da hantsi muna lugude a kan ƙasa, muna waƙa, muna tankaɗe. Kowacce tana tambaya, "Ta wa ce yau?" In aka ce ta gonar mijinta ce, sai ta ce ita za ta daka da kanta. Nan na san ƙasa ba ɗaya ba ce. Ta wajen Morai ja ce, tana da garas-garas. Ta gonar su Hajo baƙa ƙirin, tana manne wa tabarya. Tamu ta sama ruwan toka ce mai duhu. Akwai kuma wata mai ruwan ɗorawa, cike da ɓarɓashin katantanwa, wadda Malam ya ce kada in tankaɗe ta, in bar ta da tsakuwarta. Ya ce a kan iyakarmu da Tukur kaɗai take, zurfin kamu biyu, ta miƙe siririya daga gindin tsamiya zuwa bakin gulbi, kuma can mahaifiyarsa ke tono ta. Ƙasar nan ta rina mini turmi, sai da na yi kwana uku ina goge shi.

Shi kuwa ya jiƙa ƙaro, ya dafa makuba, wato ɓawon ɗorawa, yana kwaɓa kowace ƙasa da su don ta kama bango. Ya share bangon gabas na zaure ya hau shafawa, wani wurin da tafin hannu, wani da tsumma, wani da guntun tsintsiya. Kowace ƙasa ya ajiye ta kusa da maƙwabciyarta yadda suke a fadama. Bai zana itace ba, bai zana mutum ko saniya ba. Faci-faci ne kawai na ja da baƙi da fari da ruwan toka, suna shiga juna, wani ya yi ciki wani ya yi wuya. Da aka fara gina hanyoyin ruwa, ya roƙo ɗan siminti wurin wani birkila, ya ja layuka miƙaƙƙu a kai, suka yanka facin nan ba sani ba sabo.

Maza suka samu abin yi. Kowa ya shigo zaure sai ya karkata kai hagu, ya karkata dama. Wani ya ce fatar akuya ce aka shanya. Tukur ya ce shi dai tumbin saniya yake gani, kuma ya fi kowa sanin tumbi. Liman, wanda ya daɗe yana yi wa Malam faɗa kan zaki da dawisu, ya duba ya ce wannan zanen ba shi da laifi, tunda babu mai rai a ciki, kuma babu mai ran da ya san ko mene ne. Yaya Mamman ne kaɗai bai yi dariya ba. Ina bayan ƙofa na ji shi.

Ya ce, "Ƙane, ɗiyanmu na kwana da tafasa, kai kana wasa da laka. Mi a wanga?"

Malam ya ce, "Fadama ta, Yaya. Ga gonar Baba nan."

"Ina tsamiya? Ina gulbi? Ni ba ni ganin komi. Ba ni ganin komi sai ɓata bango." Ya kaɗe riga ya fita.

Gaskiya ni ma a lokacin rabin zuciyata tana wajen Yaya. Amma nakan lura in Malam ya fito daga zaure fuskarsa a sake take, alhali sauran maza sun fara zama masu faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Na ce a raina, in laka ce ke riƙe mini shi, to a ƙaro laka.

Damuna ta wuce, kaka ta zo ba mu ga dami ko ɗaya ba, muka ci rani da taimakon dangi na Damaga da suka aiko da buhun gero. Da bazara ta kama, zafi har ƙarfen guga ba ya taɓuwa, sai malamin awo ya zo da takarda da igiya. Ya tara maza gaban mai gari, ya ce ga fili an mayar, na gida shida ne, daga wannan hanyar ruwa zuwa waccan. Su shirya tsakaninsu kowa ya kama inda yake da. In mako ya cika ba su shirya ba, zai ja igiya daga wannan kai zuwa wancan bisa jerin sunaye. Sunanmu ne na ƙarshe a jerin, ƙarshen filin kuwa tudun tsakuwa ne da katafila ta kankare, ko ciyawa ba ta fito a kai ba. In igiya ta kai mu can, gida biyu sun shiga uku.

Gida huɗu suka ce su ba za su iya kama nasu ba sai an san inda tsamiya take, don daga ita kowa ke lissafin gonarsa. Yaya Mamman ya taka fili ya soka sanda, ya rantse nan tsamiya take. Tukur ya yi taku mai yawa yamma ya soka tasa, ya rantse shi ma. Dukansu ba maƙaryata ba ne, ido ne ya rasa abin kamawa. Kwana huɗu ana abu ɗaya, har ta kai ba sa gaisawa a masallaci. Hajo ta daina leƙo katanga. Wannan ya fi yunwar yi mini ciwo.

Rana ta biyar Malam ya ce wa mai gari su zo zaure. Ya ɗora yatsa a kan siririn layin nan mai ruwan ɗorawa, ya ce katafila ta kwashe sama, amma ba ta kai kamu biyu ba a wajen nan. A tona, inda aka samu wannan ƙasa, nan ne iyaka. Aka yi ta dariya. Liman ya ce, to, kwana huɗu an gwada rantsuwa ba ta yi ba, a gwada shebur.

Washegari tun da asuba matasa suka fita da shebur da diga. Sai dai a cikin rami ƙasa mai danshi duk kamarta ɗaya, kowa ya ɗago dunƙule sai ya ce ga ta. Malam ya ce a kai gida, masu daka su ne suka san ta. Haka shari'ar maza ta dawo gindin turmina. Mai gari da kansa ya aika a kira Hajo, don kada a ce matar Mai Fenti ta yi son kai. Ta shigo tana wani cin magani, ta zauna nesa da ni. Ana kawo gwangwani, mu daka, mu kwaɓa, Malam ya shafa a kan fasasshen tulu ya sa a rana, in ta bushe a kara ta da bango. Dattawa na zaune a zaure gumi na zuba, suna jiran laka ta bushe.

Ƙasar ramin sandar Yaya Mamman aka fara kawowa. Tabarya na sauka ta manne. Hajo ta kalle ni, na kalle ta. Ta ce a hankali, "Wagga tamu ta." Aka kawo ta ramin sandar Tukur, ta fito fara sol, ta gonar wani ce can daban. Hajo ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Na ce, "Ki yi dariyarki, ni ma tawa na nan tafe." Daga nan ta matso kusa.

Rami na bakwai, rana ta take tsaka, aka kawo wani gwangwani. Bugu ɗaya na ji ƙaras a ƙarƙashin tabarya. Ban ma jira ta bushe ba, na ce wa Hajo ta duba. Hajo ta damtsa ta murza a tafin hannu, ɓarɓashin katantanwa ya fito fari-fari. Ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure, ta ce, "Ita ta! Wallahi ita ta, wadda ta ɓata ma Ladi turmi!" Da aka kara da bango, ba ka iya cewa ga ta jiya ga ta yau. Suka bi ta da rami uku, ta miƙe siririya kamar yadda take a zaure. A rami na ƙarshe diga ta ci karo da saiwar tsamiya.

Iyakar ta faɗo yamma da sandar Yaya Mamman, ashe cikin gonar Tukur ya tsaya yana rantsuwa kwana huɗu. Abin da muka samu bai kai abin da ya yi iƙirari ba, amma gonar Baba ce, kuma ruwa na kai mata. Sauran gidaje huɗu suka shigo zaure suna duba inda facinsu yake daga layin ɗorawa, kafin la'asar kowa ya soka sandarsa. Malamin awo ya naɗe igiyarsa, ya tsaya gaban bango ya daɗe, ya tambayi Malam makarantar da ya yi. Malam ya ce ɗakunan amare. Da yamma Tukur ya aiko da kan saniya da ƙafafu, muka raba gida biyu, mu da Yaya Mamman, muka sha romo har da na safe.

Yaya Mamman bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ba halinsa ba ne. Da aka yi girbin farko dai, ya sa aka kawo damin shinkafa aka jingine a gindin bangon, ya zauna ya sha fura, ya ce har yanzu shi bai ga komai a ciki ba.

Yanzu ana noma rani da damuna, kore ba ya yankewa a bakin hanyoyin ruwa, jikokina ba su san ɗanɗanon tafasa ba sai don marmari. Ƙasar kuwa ta zama iri ɗaya. Na sa an ɗebo mini daga gonaki uku bara, na rasa wadda zan ce ta wane ce. Malam ya yi wasu zanen bayan wannan, a kan katako da buhu, baƙi sun sayi wasu sun tafi da su. Na zaure ya ce ba na sayarwa ba ne, ni kuma na hana a yi masa siminti.

Shekara biyu bayan rasuwar Malam, idon Yaya Mamman ya tafi gaba ɗaya, ƙafa ma ta daina kai shi gona. Wata ranar ruwan farko, ina tsaye a zaure ina shaƙar ƙamshin nan, sai na ji sanda na ƙwanƙwasa dokin ƙofa. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, muka yi ta gaisuwa har ta ƙare. Ya ja hanci ya shaƙi ƙamshin. Sai ya ce, "Ladi, kai ni ga bangon ƙanena."

Na kama bakin sandarsa na kai shi. Ya ɗora tafin hannu yana shafawa sannu a hankali, ya wuce ja, ya wuce fari, ya tsallake layin siminti, ya bi ta kan baƙar ƙasar Tukur. Da yatsunsa suka taɓa ɓarɓashin katantanwa sai ya tsaya. Ya matsa da hannu kaɗan zuwa yamma, ya buɗe shi duka ya danna a bango.

Ya ce, "Ga gonar Baba."

Na jawo masa tabarma. Bai zauna ba sai da ruwan ya ɗauke.